Baƙon Kujerar Matuƙi

Gab da magariba, ranar wata Talata, na isa Gwaram a kan babur don in sayi fatar da faɗinta bai kai farcen babban yatsa ba. Daga Birnin Kudu na taso takanas. Wanda ya yi ritaya ba ya rasa hanyar ɓatar da yini.

Sunana Ashiru. Shekara talatin da ɗaya na yi ina koyar da kimiyya a sakandare. A tsawon shekarun nan an kawo mini labarin aljanu ba adadi, kuma duk wanda na bi sawunsa, a ƙarshe ko mage na tarar, ko kwanon rufin da ƙusarsa ta cire, ko saurayin da bai kamata a gan shi a unguwar ba. Na faɗi wannan ne don a san irin mutumin da ke ba da labarin.

Ƙanena Musbahu ne ya aiko mini da jirgin daga Legas. Jirgin sama ne na katako, a warwatse cikin kwali, gutsattsari sun fi ɗari uku, da ɗan littafi mai nuna yadda ake haɗawa. Ya ce in haɗa wa 'yata Zahara'u, wadda tun tana firamare ta dage matuƙiyar jirgi za ta zama, har ta kai shekara goma sha tara babu wanda ya iya sauya mata ra'ayi. Fukafukai da jela ba su ba ni wahala ba. Ɗakin matuƙi ne ya cinye mini mako uku.

Duka-duka ɗakin bai fi kwalin ashana biyu ba. Na huda allon gaba gida bakwai da allura, na yanka 'yan agogai na takarda na manna ta baya, na ɗiga wa kowanne gam mai garai-garai ya zama gilashi. Agogon man jirgin kuwa, da hannuna na ja masa tsinke da jan biro, na ajiye shi a cike. Sandar tuƙi kamar tsinken sakace take. Matakan ƙafa biyu kuwa ƙwayar shinkafa ta fi su kauri, sai da hantsaki, kuma sai na riƙe numfashi. Da na zo kan kujera, littafin ya ce a shafa mata fenti ruwan ƙasa don ta yi kama da fata. Ni kuma ban ga dalilin yin ƙaryar fata a ƙasar dukawa ba.

Shi ya kai ni rumfar Baba Ɗan'azumi, wani tsohon baduku da aka ce yana kankare fata har ta koma kamar takarda. Rumfar tana warin bagaruwa da tsohon mai. Na nuna masa 'yar kujerar a tafin hannuna. Ya jima yana dubanta.

"Wa zai zauna?"

"Ta jirgin wasa ce, Baba."

"Na ji. Wa zai zauna?"

"Babu kowa."

Gaskiyar magana, da akwai. A cikin kwalin an saka wani ɗan mutum-mutumin matuƙi na dalma, da hularsa da tabarau. Matata Mansura ta tsince shi a kan tebur, ta ce ba za ta kwana rufi ɗaya da gunki ba. Na yi mata bayanin cewa a tarihin bautar gumaka ba a taɓa samun mai tabarau na matuƙa jirgi ba. Ta ce in je in yi wa mala'iku bayanin. Kafin in dawo daga masallaci ta wurga shi a tsohon masan da ke bayan gida, wanda muka daina shiga tun da aka gina na zamani.

Baba Ɗan'azumi ya saurari wannan duka yana kankara. Da ladan ya fara gyaran murya, ya miƙo mini fatar, ya tashi, ya kife kujerar da yake kai, ƙafafunta huɗu suna kallon sama.

"Mu dai a gidanmu kujera ba ta shiga magariba a buɗe," in ji shi. "Wadda ba ka ba wa mutum ba, ka bar wa wani."

"Baba, wannan ko ƙuda sai ya rage tumbi kafin ya zauna."

"Su ai ba su da awo, Malam."

Na yi godiya cikin ladabi. Tsufa ba laifi ba ne.

Washegari da yamma na ƙarasa aikin. Teburina yana jikin tagar da ke kallon bayan gida. Na shimfiɗa fatar a kan kujerar, na danne ta da kan ashana har gam ya kama, na yi mata ɗamara da zaren ɗinki. A gefen jirgin, daidai ƙasan ɗakin matuƙi, na rubuta da siririn buroshi: Kyaftin Zahara'u Ashiru. Aikin ya yi kyau, ba don ni na yi ba. Rana ta faɗi, ɗakin ya soma duhu. Na ja da baya ina sha'awar abina, sai raha ta zo mini. Na miƙa hannu kamar mai tarbar baƙo a zaure, na ce:

"To, ga jirgi, ga kujera. Matuƙi, bismilla."

A bayan gida, ƙyauren langalangar tsohon masan ya yi ƙara sau ɗaya.

Iska ce, na ce. Ta Allah, mai kaɗa ganye. Na ɗauko murfin ɗakin matuƙin, wata roba mai kama da gilashi, na zagaye bakinta da gam, na liƙe ruf.

Wari ne ya fara zuwa.

Da safe na shiga ɗakina na ji kamar an buɗe kwatar da ta shekara a toshe. Na duba bayan kabad ko ɓera ya mutu. Na zargi fatar, na zargi gam ɗin, har takalmina na shinshina. Mansura ta turara ɗakin sau uku. Turaren da warin suka haɗu suka haifi wani abu na uku da ya fi kowannensu muni.

Kwana na biyu sai ƙudaje. Manya, koraye, irin na mahauta. Ba su kula da kwanon fura da ke gefe ba. Kan murfin jirgin suka yi sahu, suna goge hannu kamar masu jiran a buɗe musu ofis.

Na ɗauko gilashin ƙara girma. Murfin ya yi gumi ta ciki. Wannan yana da bayani: ɗumi, laima, bambancin zafi. Na koyar da shi shekara talatin. Abin da ban taɓa koyarwa ba shi ne gumin da ke ƙaruwa yana raguwa, yana ƙaruwa yana raguwa, kamar numfashi a jikin madubi. Fatar da na sha wahala a kanta ta jiƙe ta yi baƙi, ta lotsa a tsakiya. A jikin allon agogai akwai wani ɗigo mai yauƙi, ruwan ɗorawa, yana gangarowa a hankali. Ko a gilashi ko ba a gilashi ba, na san kaki in na gan shi.

Ban ji tsoro ba. Ƙyama na ji. Mako uku na yi a ɗakin nan da hantsaki, wani ƙazami ya zo ya tofa mini majina a agogo.

A ranar ne Zahara'u ta kwanta.

Da farko kunnuwanta ne suka toshe. Sai jiri. Ta ce ƙasa tana karkacewa, ta kama bango tana tafiya kamar mai tsallake rafi a kan itace. Duk abin da ta ci sai ya dawo. Muka kai ta asibiti, aka auna jini, aka duba kunne, aka ce babu zazzaɓi babu komai, aka ba mu maganin jiri. A hanyar dawowa mai adaidaita ya yi ta waiwayowa yana toshe hanci da gefen hularsa. Yarinyar da ke wanka sau biyu a yini, warin ɗakina ne ke fita daga gashinta.

Kwana na huɗu Mansura ta gaji. Ta shigo ta sungumi jirgin da hannu ɗaya, ta ce murhu za ta kai shi. Tana karkata shi muka ji faɗuwa a ɗakin Zahara'u, da ƙara irin wadda ban taɓa ji daga bakinta ba. Mansura ta saki jirgin a hannuna ta ruga. Ta tarar da ita a ƙasa, ta ƙanƙame ƙafar gado.

Na tsaya a tsakar gida, inda nake hango ta ta ƙofa. Na sunkuyar da hancin jirgin kaɗan. Zahara'u ta zame gaba, ta yi yunƙurin amai. Na karkata shi hagu. Ta mirgina hagu.

Na maimaita.

Shi ne gwaji mafi tsafta da na taɓa yi a rayuwata, kuma har gobe ina jin kunyar maimaicin nan.

Na mayar da jirgin kan tebur kamar mai ajiye ƙwai, na tokare shi da littattafai. Na je na durƙusa a gabanta. Leɓenta ya bushe ya tsage. Ba ta dube ni ba, sama take kallo.

"Baba," ta ce da raɗa, "ka ce masa ya sauka. Mai ya kusa ƙarewa."

Na koma na ɗora gilashin a kan allon. Jan tsinken da na ja da hannuna a cike, da biron da ba ya gogewa, ya gangaro. Saura ƙiris ya kwanta.

Kuma kujerar ba a buɗe take ba. Ɗan mutumin dalmar nan yana kai. Gam ɗin murfin yana nan yadda na liƙe shi, ko tsaga babu. Shi kuwa ya yi dumu-dumu da abin da ke ƙasan masai, wata farar tsutsa tana fita ta ƙarƙashin hularsa tana komawa. Hannunsa yana kan sandar tuƙi. Lokacin da na ciro shi daga kwali, hannayensa a kan cinya suke.

Ba ni da bayani a kan wannan. Ina kan nema.

Bayan azahar na hau babur. Hanyar Gwaram ban san tana da tsawo haka ba. Na tarar da Baba Ɗan'azumi yana ɗinkin kube. Ban kai ga zama ba ya ɗaga hanci.

"Ka yi baƙo."

Na kwashe komai na faɗa masa, ban rage ba, har rahar da na yi.

"Me ka ce daidai?"

"Cewa na yi, matuƙi, bismilla."

Ya ajiye basilla. "Kai da ka yi karatu. Bismilla ai biyu ce a bakin Bahaushe. Akwai wadda kake yi ka rufe ƙofa, akwai wadda kake yi wa baƙo ya shigo ya zauna. Wacce ka yi?"

Bai jira amsata ba.

"Kun jefa masa gangar jiki har gida, kun shimfiɗa masa fata, kun kira shi da magariba. Wane mai mutunci ne zai ƙi amsawa?"

"In kankare sunan yarinyar?"

"Kul. Ba a sauke fasinja a sama." Ya matso, ya rage murya. "Baƙon da ka yi wa bismilla ba a korarsa, Malam. Rakiya ake yi masa. A lokacin da ya zo, har ƙofar gidansu, da hannunka. Ka yi masa sallama irin ta mutane. Kada ka zage shi, kada ka tofar da yawu, kada ka toshe hanci. Baƙo ba ya son ya ga ana ƙyamarsa."

"Wannan na ƙarshen zai yi wuya."

"Shi ya sa na faɗa."

Na iso gida rana ta yi ja. Mansura tana zaune a ƙofar ɗakin Zahara'u da carbi. Ta ce tun la'asar yarinyar ta daina magana. Na ce ta riƙe ta da kyau, duk abin da ta ji kada ta saki.

Na janye littattafan. Na saka reza a aljihu. Na ɗauki jirgin da hannu biyu.

Daga ƙofar ɗakina zuwa tsohon masan taku ashirin da uku ne. Na sani, don daga baya na auna.

Taku biyar na farko lafiya. Katako ne mara nauyi, bai fi kofin shayi ba.

A na shida ya yi nauyin bulo.

Ƙudajen suka taso suka bi mu. Suna sauka a leɓena, a gefen idona. Hannuna biyu a cike. Na bar su.

Ladan ya fara kira. Kajin Mansura da ke shiga akurki suka yi tsit.

Taku goma sha biyu. Wani ruwa mai ɗumi ya fara tsattsafowa daga cikin jirgin, yana bin tsintsiyar hannuna zuwa gwiwar hannu. Ban duba ba.

Sha takwas. Cikina ya yunƙuro har maƙogwaro. Na haɗiye.

Ƙyauren langalangar a buɗe yake. Mu kuwa kullum a ɗaure muke barin shi da waya.

Na tsaya a bakin ƙofa. Addu'ar shiga bayan gida da mahaifiyata ta koya mini, wadda na daɗe ina yi da rabin baki in na tuna, ta zo mini cikakkiya. Na shiga da ƙafar hagu.

Duhu. Zafi. Wani sauti a can ƙasan ramin, kamar tukunyar talge.

Na tokare jirgin a ƙirjina, na zaro rezar, na bi bakin murfin a hankali. Ya ɓalle.

Abin da ya fito ba zan kira shi wari ba. Wari a hanci yake tsayawa. Wannan ɗanɗanonsa na ji.

Ɗan mutumin ya juyo da kai.

Wani abu mai sanyi, mai laushi, ya naɗe mini babban yatsan dama. Ya fara tsotsa.

"Kai ka ce bismilla."

Muryar ba daga jirgin ta fito ba. Daga ramin ta fito, da kuma bayan kunnena.

"Ni na ce," na amsa. Muryata ta fita siririya. "An gode da zuwa. An sha hanya. Ga shi magariba ta yi, na ce bari in taka maka."

"Da yarinyar."

"A'a."

"Sunanta ne a jiki."

"Sunanta ne. Kyaftin aka rubuta, duba da kyau. Jirginta ne. Kai baƙo ne, kuma mun yi maka abin da ake yi wa baƙo."

Tsotsar ta tsaya. Yawu ya cika mini baki, ɗaci kamar maɗaci. Ban tofar ba.

Na faɗi abin da kowa ke faɗa wa wanda ya raka.

"A gai da gida. Sauka lafiya."

Nauyin ya bar hannuna gaba ɗaya. Wani ɗan abu ya faɗa ramin. Na jima ban ji isarsa ba.

Sai daɓen ya tsage.

Ƙafata ta dama ta burma har gwiwa. Wani abu ya kama takalmin ta ƙasa, yana ja, ba da gaggawa ba. Hankali ya ce in yar da jirgin in dafa bango. Na ɗaga shi sama da hannu biyu, a daidaice, kamar mai ɗauke da kwanon miya a taron biki. Na saki yatsun ƙafata. Takalmin ya tafi.

Mansura ce ta finciko ni ta wuyan riga. Na ce mata kada ta saki yarinyar, ta saki. Wannan ne karo na farko da rashin jin maganarta ya yi mini rana.

A tsakar gida na durƙusa. Na sa farce na ɓamɓaro 'yar kujerar, na kife ta a ƙasa. Sannan na sauko da jirgin a hankali, a hankali, har tayoyinsa uku suka taɓa ƙasa.

Daga cikin ɗaki muka ji doguwar ajiyar zuciya.

"Umma," in ji Zahara'u, "akwai sauran tuwo?"

Sai a lokacin na juya gefe na yi aman da nake riƙe da shi tun taku na sha takwas.

Washegari na sa aka cike ramin da ƙasa da duwatsu, aka dafe shi da siminti. Magina sun ce daɓen ya daɗe da ruɓewa, ko yaro ne ya taka zai burma. Na ji daɗin wannan bayani, na riƙe shi da kyau. Zahara'u ta warke sarai, ba ta tuna komai sai cewa ta yi mafarkin tafiya mai nisa kusa da wani wanda ba ya wanka. Ra'ayinta bai sauya ba, tana nan tana cike takardun makarantar tuƙin jirgi. Jirgin yana kan kabad ɗinta da sunanta a jiki. Duk wanda ya leƙa yakan ce aikin ya yi kyau, sai dai an manta kujera. Nakan ce haka ya zo daga kamfani.

Babban yatsana na dama ne bai koma daidai ba. Na wanke shi da sabulu, da toka, da kananzir, da lemon tsami. Likita ya ce lafiyarsa lau, kuma babu mai jin komai sai ni. Amma tun daga ranar da cokali nake cin tuwo, mutanen unguwa suna cewa boko ne ya ƙarasa cinye ni.

Da yamma in ladan ya fara gyaran murya, nakan zagaya tsakar gida in kife kujeru. Saboda kaji, kada su ɓata su. In kuma aka yi sallama a zaure, sai na leƙa na ga fuska tukuna. Ina yin bismilla kamar kowa, amma yanzu da suna nake haɗawa.